Sufeto Ya Tara Gemu

Kawuna mai aski ne, kuma ɗan fim ne, in dai za a kira mutumin da hannunsa na dama da rabin ƙeyarsa suka taɓa fitowa a majigi ɗan fim. Shi kam bai taɓa shakkar haka ba, mu ma a dangi mun daɗe da gane cewa zaman lafiya ya fi gardama.

Abin ya faru tun ina ɗan makaranta. Wasu masu shirya fim suka zagayo unguwarmu suna neman shagon aski mai kama da shagon aski, suka ga nasa. Fim ɗin na bincike ne, sunansa Agogon Marigayi. An tsinci gawar wani attajiri a ɗakin karatunsa, ƙofa a kulle ta ciki, agogon hannunsa ya fashe ya tsaya cak. Sai aka kira Sufeto, wani siririn mutum mai yawo da lema ko ana ruwa ko ba a yi. Bai taɓa gudu ba, bai taɓa ɗaga murya ba, bindiga kuwa ko a aljihu. Aikinsa tambaya da shan shayi. Da bincike ya cije masa, sai ya shiga shagon Kawu ya zauna a kujera. Kawu ya shafa masa kumfa, ya share masa fuska tas da aska, ya lulluɓe shi da tawul mai zafi. Aka yi shiru mai tsawo, har 'yan kallo suka fara zaton na'ura ce ta lalace. Can sai aka ji muryar Kawu:

"A rage gefe, Yallaɓai?"

Sufeto ya yaye tawul ya ce, "Marigayin bahago ne." Bahago kuwa a dama yake ɗaura agogo, shi kuma an same shi da agogo a hagu. Ashe wani ne ya juya lokacin, ya fasa agogon, sannan ya ɗaura masa. Daga nan zare ya warware.

Wannan tambaya ita ce dukan abin da Kawu ya faɗa a tarihin fim, amma ya ci moriyarta fiye da yadda wasunmu suka ci moriyar digiri. Ya rataye hoton fim ɗin a saman madubi. Ya gina ilimi sukutum a kanta, wai tunani a ƙarƙashin tawul yake kwana, kuma duk wanda bai iya zama shiru a kujerar aski ba, ba zai iya warware ko ƙullin igiya ba. In ka tambaye shi wa ya gano mai laifin, sai ya ce, "To, Sufeto ne ya faɗa da baki. Amma ka tambayi kanka a kujerar wa ya faɗa."

A shekarun farko kujerar ta yi kasuwa. Iyaye na kawo 'ya'yansu aski ana gobe jarrabawa. Wani ɗan kasuwa da ya ɓatar da mabuɗin ma'ajiyarsa ya zo ya kwanta a ƙarƙashin tawul ɗin. Bai tuna inda ya ajiye ba, amma ya fita fes.

Sai zamani ya yi abin da ya saba. Sababbin shaguna suka buɗe a titin, masu inji da kiɗa da talabijin mai nuna ƙwallo. Rana ta ci hoton saman madubi har Sufeto ya koma kore. Kawu ya ƙi taɓa inji, ya ce wannan na yankan ciyawa ne. Waɗanda suka rage masa tsofaffi ne da sanƙo ya riga ya yi musu rabin aikin. Babbansu shi ne amininsa Hedimasta, wanda ya yi ritaya daga koyarwa amma bai yi ritaya daga gyara wa mutane magana ba.

Sannan hannun ya fara rawa. Auta ce ta fara lura, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta karanta haɗa magunguna take aiki a kantin wani. Ta ji kofin shayi na kaɗa faranti a hannun ubanta. Ba a jima ba Hedimasta ya fara fitowa daga shagon da ɗan ƙullin auduga a haɓa.

"Sauro ne," in ji Hedimasta.

"Sauron da ke cizo a miƙe, kamar an ja layi da rula?" in ji Auta.

Ta sayo wa Kawu injin aski sabo fil. Ya yi godiya ƙwarai, ya tura kwalin ƙarƙashin benci. Da ta ga haka sai ta fito masa a fili, ran nan ina gidan.

"Baba, ka huta haka nan. Ka ba ni shagon in zuba magani. Kai kuma ka zauna a ƙofa kana ba mutane labarin Sufeto, ba mai hana ka."

"Wato in zama mai gadi."

"Aska a maƙogwaron mutum ba wasa ba ce, Baba."

"Hannun nan duniya ta gan shi."

"Duniya ta gan shi lokacin yana tsayawa wuri ɗaya," in ji Inna, matarsa, ko ɗagowa ba ta yi ba daga ɗinkin da take yi.

Ana cikin wannan ja-in-ja masu fim suka dawo, wai za a yi Agogon Marigayi kashi na biyu. Sabon daraktan wani matashi ne mai hula a juye, yana kiran Kawu "Baba" da ladabi sosai, amma ba ya jin ko ɗaya daga abin da Baban ke faɗa. Yaransa suka auna bango, suka auna ƙofa, suka ɗauki hoton kujera ta gaba da ta baya, suka ari farar rigar aikin Kawu suka dawo da ita a goge. Sannan aka tsayar da shi yana wasa aska a jikin fatar da ke rataye a kujera.

"Yauwa Baba. Yanzu ka ɗago ka kalli ƙofa kamar ka ga abin mamaki."

"Wane irin abin mamaki?"

"Kowane iri."

"Ina Sufeton?"

"Za a haɗa a kwamfuta."

"Maganata fa? Me zan ce?"

"Baba, fuskarka ta isa."

Wani mutumin zai ji ɗar a ransa. Kawu kuwa ya dawo gida yana murmushi. Ya ce masu fim ɗin bincike ba sa bayyana sirri ko ga 'yan wasansu, kuma a da hannu aka nuna, yanzu fuska, wannan ai ƙarin girma ne. Cikin wannan murna ya yanke hukuncin da ba wanda ya tilasta masa.

"Auta, ki bari fim ɗin ya fito. A ba ni wata guda. In mutane ba su dawo kujerar nan ba, in miƙa miki mabuɗi da hannuna."

"Ka miƙa da na hagu," in ji Inna. "Na daman ya yi suna da yawa."

Ni aka sa shaida. A danginmu duk wanda ya yi jami'a aikinsa ke nan, shaida da karanta takardar magani.

Ranar da fim ya fito muka tafi kallon yamma, ni da Kawu da Inna da Auta da Hedimasta. Kawu ya sa kayansa mafi tsada, ya fesa turaren da yake ɓoye wa manyan baƙi. Tun a bakin ƙofa ya kafa doka. Ba cin gugguru, domin ƙarar tauna tana rufe shaida. Ba magana. "Ku sa ido kan hannaye," ya ce, "kuma ku lura da wanda bai cika surutu ba. Galibi shi ne."

Aka kashe fitilu. Kafin sunan fim ɗin ya gama bayyana, wata gada ta tarwatse.

Daga cikin hayaƙin wani ƙato ya fito, da tabo daga goshi har kumatu da baƙar riga har ƙasa. Ya kalli kyamara ya sanar cewa shi ne ya fasa gadar, kuma zai fasa sauran gadojin, kuma duk mai ja ya same shi a tashar jiragen ruwa. Lambar ɗakinsa kawai ya rage bai bayar ba.

"Yaudara ce," Kawu ya raɗa mini, ya karya dokarsa da kansa. "Ba shi ba ne. Ka lura da mai sharar can na baya."

Mai sharar bai daɗe ba, mota ta bi ta kansa.

Sai ga jirgi mai saukar ungulu. Wani mutum ya diro daga ciki ba tare da an sauke jirgin ba, ƙirji kamar ƙofar gareji, gemu cunkus har wuya, an tsaga masa zane irin na walƙiya a kowane kumatu. A hannunsa akwai lema. Kawu ya damƙi hannuna.

"Wane ne wannan?"

"Sufeto ne, Kawu."

"Me ya same shi?"

"Ina jin ya shiga motsa jiki."

Kawu ya ƙura wa gemun ido, kamar likitan da aka kawo wa marar lafiya a makare. Can sai na ga fuskarsa ta washe. Ya gyara zama, ya ɗan murza yatsu.

"Ka gane? Shi ya sa zai zo wurina. Sun tara shi ne don a kwashe. Wannan aikin tawul biyu ne."

Daga nan ya jure komai, domin yana da abin jira. Ya jure lokacin da lemar ta buɗe ta fara aman harsashi. Ya jure tseren motoci a cikin kasuwa, inda Inna ta kasa haƙuri ta ce, "Oh ni, wa zai tsince wa bayin Allah lemon nan?" Ya jure binciken farko, wanda aka yi shi a kan rufin bene, Sufeto na riƙe da ƙafar wanda ake tuhuma, kansa na lilo a sama da titi. Agogo dai ba mu ga ko ɗaya ba. Marigayi kuwa sun yi yawa har ba a san wanne ake nufi ba. Hedimasta, wanda ƙarar fanka ke hana shi barci a gida, ya yi barcinsa lafiya a tsakiyar luguden wuta.

Sai ga titinmu. Ga allon shagon, ga ƙofa, ga kujera. Ga Kawu da kansa, fuska cike da majigi, yana wasa aska a natse. Inna ta dafa ƙirji. Auta ma, duk da ita ce abokiyar gardama, na ga ta matso gaba. Kawu na majigi ya ɗago ya kalli ƙofa kamar ya ga abin mamaki.

Babbar mota ce, ta shigo ta bango.

Abin da ya biyo baya ya yi sauri. Wani mai farar rigar aiki irin ta Kawu, da farin gashi irin na Kawu, ya fasa taga ya fito, aska a baki. Ya yi alkafura a sama, ya dira a kan rufin tasi, ya zare askar ya wurga ta. Ta tafi tana juyi ta samu wani mugu a kan babur. Bayansa shagon ya tashi da wuta, kujerar nan mai tarihi ta yi sama tana wulwulawa kamar an jefa murfin tukunya. Sufeto ya wuce a guje a wata motar, ko waiwaye bai yi ba.

Samarin da suka cika gidan kallon suka miƙe da ihu. "Tsoho! Tsoho! Tsoho ya gama da su!"

Inna ta juyo a hankali ta dubi mijinta daga sama har ƙasa.

"Ashe kana iya wannan," ta ce, "amma in na ce ka sauko mini da akwati daga kan kabad sai ka ce baya?"

Idon Kawu bai bar majigi ba. Ya ci gaba da kallo, ina jin har lokacin yana sa ran Sufeto zai tuna ya dawo, ko a cikin toka ne a shimfiɗa masa tawul. Bai dawo ba. A ƙarshe aka gano cewa mutumin da ya ce shi ne mai laifi, shi ne mai laifin. Ya faɗo daga wani dogon ƙarfe zuwa cikin wuta, wutar kuma ta faɗa cikin ruwa. Sufeto ya tafi da gemunsa, ko gashi ɗaya bai ragu ba, sai ɗan gefen da ya babbake.

A mota ba wanda ya yi magana sai Hedimasta, da ya farka ya ce fim ɗin ya yi ma'ana amma an cika gaggawa. Mun kusa gida Kawu ya buɗe baki.

"Aska ba a jefa ta."

"Haka ne, Kawu."

"Ko a ƙasa ba a ajiye ta a buɗe, balle a sa ta a baki." Ya yi ajiyar zuciya. "Sufeton nan bai tambayi kowa komai ba. Tun farko har ƙarshe."

"Ya tambayi wancan na kan rufi."

"Wannan ba tambaya ba ce, shanya ce."

Da muka tsaya a ƙofar gida ya laluba aljihu ya fito da mabuɗin shago, ya miƙa wa Auta. Da hannun dama ya miƙa, mabuɗin na ɗan kaɗawa. Auta ba ta karɓa ba. Ta dubi mabuɗin, ta dubi ubanta, ta mayar da hannuwanta baya.

"Wata guda muka ce, Baba. Ga shaida nan a tsaye."

Na tabbatar da haka, tunda ba a tambaye ni wani abu mai wuya ba.

Washegari ya buɗe shago kamar kullum, ya ɗora ruwa, ya jera tawul. Kafin rana ta take samari sun fara taruwa a tsallaken titi. Sun zo ganin shagon da aka fasa, suka same shi a tsaye, abin ya ɓata musu rai ƙwarai. Wasu suka shafa bangon suna neman inda aka yi gyara. Aka bayyana musu cewa wani shagon aka gina na katako a wani wuri aka ƙona, amma wannan bayani bai samu karɓuwa ba. Suka yi ta ɗaukar hoto a gaban taga.

"Baba, da gaske kai ne ka yi tsallen nan?"

"Me ka gani a fim ɗin?"

"Na ga ka yi."

"To."

Kawu bai taɓa yin ƙarya a kan maganar ba, bai kuma taɓa wahalar da kansa da gaskiya ba. Da yamma ya kira ni ya nuna mini taron, ya ce a matsayina na shaida in rubuta a zuciyata cewa mutane sun dawo. Auta ta ce alkawari kujera aka ce, ba taga ba, kuma mai kallo ba mai aski ba ne. Na duba kujerar, Hedimasta ne kaɗai a kanta. Na ba Auta gaskiya, Kawu ya ce dama karatun jami'a ba ya ƙara wa mutum kunya.

Haka aka yi ta yi har watan ya raba tsakiya, titi cike, shago wayam. Ran wata Asabar ina zaune a benci sai wani dogon saurayi ya shigo, mai kai saƙo a babur, abokansa na kiransa Dogo. Ya ajiye hular kwano ya zauna a kujera. Gemunsa ya yi kamar wata uku ba a taɓa shi ba.

"Baba, irin na Sufeto nake so. Da walƙiyar. Na ce ba inda za a yi mini sai a shagon da aka yi fim ɗin."

Kawu ya zagaya shi yana kallo. "Gemu na mutunci na sani, na gyara ba adadi. Wancan kuwa tsintsiya ce aka yi wa zanen yara." Ya dubi ƙofa, ya dubi bencin da ni kaɗai ke kai, ya haɗiye sauran maganar. Ya ɗaura wa Dogo mayafi a wuya, ya ɗauko aska ya buɗe ta.

Askar ta ɗan yi rawa a hannunsa, hasken taga na wasa a bakinta. Ni na san dalilin rawar. Dogo kuwa abin da ya sani shi ne abin da ya gani a majigi, cewa in askar nan ta fara motsi a hannun tsohon nan, wani na gab da faɗowa daga babur. Ya zabura da mayafin a wuya, sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya.

"Baba, don girman Allah a ajiye makamin! Ni ban yi komai ba. A yi da inji."

Abokansa da ke leƙe ta taga suka goyi bayansa. Ba raini a muryarsu, girmamawa ce zalla. Ɗaya ya ce irin wannan aska ai ba a wasa da ita a fuskar talaka, kamata ya yi a rataye ta a bango mutane su riƙa gani.

Kawu ya tsaya da askar a hannu. Shekara da shekaru 'yarsa da matarsa suna neman ya ajiye ta don hannunsa ya gaza, ya ƙi. Yanzu ga wasu na roƙonsa ya ajiye ta don hannunsa ya fi ƙarfinsu. Na ga lissafin na tafiya a fuskarsa. Ya ninke ta a hankali, ya rataye ta a ƙusar da ke ƙarƙashin hoton Sufeto mai kore.

"Yaran zamani," ya ce. "Miƙo mini kwalin nan na ƙarƙashin benci."

Na jawo kwalin, na hure ƙura. Inji ba ya damuwa da rawar hannu, shi ma rawar yake yi, sai suka daidaita. Walƙiyar ta fito a karkace kaɗan, amma walƙiya dama ba a san ta da miƙewa ba. Dogo ya duba madubi ya yi murmushi, ya yunƙura zai tashi. Kawu ya danna masa kafaɗa.

"Ba a tashi a kujerar nan sai an sha tawul."

Ya matse tawul mai zafi ya shimfiɗa masa a fuska. Dogo ya lafe. Mutumin da tawul ya rufe wa ido ba shi da waya, ba shi da babur, kunne kawai gare shi. Kawu bai samu irin wannan dama ba tun da sababbin shaguna suka buɗe.

"Ka san a kujerar nan Sufeto ya warware na farko?"

"Ashe akwai na farko?" in ji tawul ɗin.

"Lamba biyun da ka gani a jikin sunan fim ɗin da ka kalla, ka ɗauka lambar takalmi ce?"

Sai ya fara. An tsinci gawar wani attajiri a ɗakin karatunsa, ƙofa a kulle ta ciki. Ya kawo matar marigayin da kukanta ya yi yawa, da likitan da ya iso da wuri fiye da kima, da direban da ya ce yana wanke mota alhali ana ruwa. Ba gada ko ɗaya da ta fashe. Na ga samarin taga sun shigo ɗaya bayan ɗaya sun cika benci, har suka matse ni a lungu. Ya kawo labarin daidai inda Sufeto ya yaye tawul ya ce marigayin bahago ne, ya bayyana zancen agogo. Sai ya yaye tawul ɗin Dogo ya ce, "An gama. Na gaba."

"Baba, to wa ya kashe shi?"

"Gemunka zai sake tsirowa."

Ya tsiro kuwa. Dogo ya dawo tun walƙiyar ba ta gama cikewa ba, ya zo da wasu.

Da wata ya cika Auta ta zo yanke hukunci, aka kira ni. Benci cike, wasu a tsaye a waje, kowa da gemu a matakai daban-daban na girma. Inji na kuka, tawul na tururi. Auta ba ta ko kalli bencin ba. Ta wuce ta tsaya gaban madubi tana duban ƙusar nan. Ta sa yatsa ta shafa bayan askar, ta duba yatsan, ta ga ƙura.

"Shagonka ne, Baba," ta ce. "Amma ranar da ta sauko daga ƙusar nan, ranar zan kawo kwalayena."

"Ba don ke na rataye ta ba. Yaran ne matsorata."

"Na sani, Baba."

Kafin ta fita ta jera kwalaben man gemu a kan kanta, ta ce ba za a yi asara biyu ba. Hedimasta ya koma inji shi ma, yana gunaguni cewa fuska ba ta fita kamar da. Sauro dai ya daina cizonsa.

Abu ɗaya ne ya dame ni a matsayina na shaida. A iya tunawata, direba ne ya yi kisan. Amma Dogo ya rantse mini cewa likita ne, daga bakin Baba ya ji. Wani mai gyaran waya ya ce matar ce, shi ma daga bakin Baba. Har an kusa ba hammata iska a ƙofar shago. Wani ya binciko tsohon fim ɗin a wayarsa ya ce direba ne, aka yi masa ca, aka ce shi da wayarsa sun fi wanda aka yi abin a shagonsa sani? Duk suka yanke shawarar komawa su sake ji, wanda ke nufin sake zama a kujera.

Na samu Kawu shi kaɗai yana wanke tawul na ce, "Kawu, ba direba ba ne?"

"A fim ɗinsu."

"To ai fim ɗin nasu ne."

"Su da suka jefa ni ta taga da aska a baki, sun tambaye ni?" Ya matse tawul ɗin ya nuna mini kujera. "Zauna. Ƙeyarka ta yi kamar ta marar dangi."

Na zauna. Ya kunna inji, ya gyara mini ƙeya, ya kashe, ya shimfiɗa mini tawul mai zafi. Aka yi shiru. Ina jin ƙarar fanka da hayaniyar titi, da muryar Inna daga waje tana tambaya ko gwanin alkafura zai samu sarari yau ya sauko mata da akwatinta.

"A rage gefe?" in ji Kawu.